Mutumin da ya sa kwaɗi kokowa

Ran salla da dare, yaran Gure sukan taru gaban talabijin. Abin da suka fi so shi ne silimar zane. Kyanwa ta kori kusu, kusu ya yi mata wayo, kowa ya fashe da dariya. Amma wa ya sa zane ya motsa?

A Amurka, tun 1964, lokacin Kirsimeti akan nuna Rudolph, wani ɗan barewa mai jan hanci. Wanda ya gan shi yana yaro, yau tare da jikokinsa yake kallo. Ƴan tsana ne, a Japan aka motsa su. Sai dai ƙanƙara ce ko'ina cikin labarin, yaron Gure kuwa rairayi ya sani.

Nijar ma ta yi nata gwani, Mustafa Alasan. An haife shi a Ndunga, kusa da Yamai, a 1942. Ya koyi aikin silima wajen Jean Rouch, sannan ya tafi Kanada wajen Norman McLaren.

Aikin na mai haƙuri ne. Silima tana nuna hoto 24 cikin daƙiƙa ɗaya. Mai zane yakan yi 12, a ɗauki kowane sau biyu. Ya zana kwaɗo, ya sake zana shi ƙafa ta ɗan ɗaga, ya sake, ya sake. Minti ɗaya, zane 720 ke nan! Ƴar tsana kuma sai a gusa hannunta kaɗan, a ɗauki hoto, a ƙara gusawa. In wani ya ture ta, aikin yini ya lalace.

A 1966 ya fito da Bon Voyage Sim. Sim shugaban ƙasar kwaɗi ne, ya tafi baƙunta, ana ta yi masa fareti. Yara suna dariyar kwaɗi, manya kuwa sun san da wa ake. A 1977 ya yi Samba le Grand da ƴan tsana. Mafi daɗi shi ne Kokoa: fili ya cika, kwaɗi da hawainiya suna kokowa kamar ƴan kokowar Damagaram.

Ya daɗe zaune a Tawa, ya rasu a 2015. Yara da yawa sun san kusun Amurka, ba su taɓa ganin Sim ba. Alhali da damina su ma suna gina raƙuma da shanu na yumɓu, irin waɗanda za a iya motsawa gaban kamara.