Hazo, duhu da hanyar da ake gyara

Jama'a, hunturu ya kama, kuma akwai maganar da take damuna duk shekara idan lokacin nan ya zo: wuraren da ake aikin hanya.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska tana kwaso ƙura daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta zube mana ita. Akwai ranakun da hazo ke hana jirgin sama sauka a Kano, jirgin da ke da na'urori iri-iri. Amma a ranar za ka ga direba ya cika mota da mutane ya kama hanyar Kaduna yana taka wuta yadda ya saba a watan Mayu. Ga shi a Disamba rana tana faɗuwa da wajen ƙarfe shida, hazon kuma ya kan cinye haskenta tun kafin nan. A daidai wannan lokacin ne kuma 'yan kwangila suka fi matsa aiki, domin damina ta wuce, ƙasa ta bushe, kwalta na kamawa. Ruwa ba ya hana su, mu kuma bukukuwa da tafiye-tafiyen ƙarshen shekara sun fito da mu.

Duk wanda ya bi hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano tun bayan da aka ba da kwangilar sake gina ta a ƙarshen 2017 ya san yadda abin yake. Hanya ce mai kusan kilomita 375, ana rufe hannu ɗaya a mayar da kowa ɗayan. Kana tafiya da sanin cewa duk motar da ke gabanka inda ka nufa ta nufa, sai kwatsam ka tsinci kanka fuska da fuska da tirela. Wurin juyawar nan, inda ake karkatar da motoci daga wannan hannu zuwa wancan, shi ne inda na fi jin tsoro.

Lissafin ba shi da wuya. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta gane, ƙafa ta kai kan birki, motar ta riga ta ci mita talatin ko fiye, birkin ma bai fara aiki ba. Idan gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata yana ninkawa huɗu. To idan hazo da duhu sun sa ba ka hango tubalin kankare sai ya rage mita hamsin, a ina za ka tsaya? Direbobi da yawa sukan kunna fitila mai haska nesa da zaton za ta taimaka, alhali ƙurar ce ke dawo musu da hasken cikin ido, su kuma kashe wa mai tahowa nasa idon.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne alamomin. Da rana ake kafa su, mutumin da ke gani sarai ne ya kafa, ya duba ya ce sun yi. Wa yake komawa da magariba ya shiga mota ya gwada ko ana ganinsu? Allon da aka yi masa fenti mai ƙyalli, kwana kaɗan ƙurar hunturu da ta aikin ta rufe shi, ya koma launin ƙasar da ke bayansa. Ganga ta faɗi babu mai ta da ita. Wani wurin ma ganye kawai aka karyo aka jera. Aikin biliyoyin naira bai kamata ya rasa mutum biyu da bokiti da tsumma da za su bi alamomi suna gogewa kowace yamma ba, ko fitilu masu ƙyaftawa da ke aiki da hasken rana. Ya kamata wannan ya shiga takardar kwangila, kuma hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa tun 1988, ta riƙa bin sawunsa da dare.

Na san za a ce ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma wanda ya tara tsakuwa a kan kwalta ya tafi gida ba tare da alama ba, za a tambaye shi, haka ma direban da ya yi obatekin a hannu ɗaya cikin hazo.

Sannan ku tuna da yaron nan mai riƙe da jan ƙyalle a bakin aikin. Tun asuba yake tsaye cikin sanyi, rigarsa mai ƙyalli ta sha ƙura, babu komai tsakaninsa da tanka sai ganga. Wani yana jiran ya koma gida da kuɗin cefane.

Mu fasinjoji muna da baki. Mu daina zuga direba don muna sauri, mu daina kunyar cewa, "Malam direba, don Allah a rage wuta, akwai aiki a gaba." Idan tafiyar za ta kai ku dare a hanyar da ake gyara, ku kwana, ku tashi bayan gari ya waye sosai. Idan kuma kun tarar da haɗari, lambar hukumar kiyaye haɗurra ita ce 122, kyauta ake kiranta.