Ɗan Jagora a Hanyar Tozai

Wanda yake so ya ga inda ƙasar Nijeriya ta ƙare ta wajen arewa, sai ya shiga mota a Sakkwato ya bi babbar hanya ta Kware da Gwadabawa. Tafiyar kilomita 80 da ɗoriya za ta kai shi Illela, garin bakin iyaka. Daga nan Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar ba nisa, har akwai masu kwana a wannan gari su yi ciniki a wancan. Harshe ɗaya ne, dangi ɗaya, aure kuwa yana ƙetare iyaka ba tare da takarda ba.

Tozai tana cikin ƙaramar hukumar Illela, ɗaya ce daga cikin mazaɓunta, tare da su Kalmalo mai tafki, da Araba, da Gidan Hamma. Ƙasa ce ta rairayi da sarari. Damina gajeriya ce, mutane suna shuka gero da dawa da wake, inda akwai fadama kuma a yi albasa da rani. Rumbunan ƙasa suna tsaye a bakin gidaje. Jaki da amalanke da raƙumi ba su bar aiki ba tukuna, ko da yake babura sun yi yawa. Da hunturu ƙura takan rufe rana, da bazara kuwa zafi yakan kori kowa zuwa inuwar dalbejiya.

Ran Lahadi kasuwar Illela take ci, tana kuwa cikin manyan kasuwannin dabbobi na wannan yanki. Tun da sassafe hanyoyin ƙauyuka sukan cika da shanu da tumaki da mutane. A cikin wannan taro akwai wani abu da idonmu ya saba da shi har ba mu ƙara ganinsa sosai. Shi ne tsoho makaho yana riƙe da ƙarshen sanda, yaro ɗan shekara 7 ko 8 yana riƙe da ɗaya ƙarshen, suna tafe a gefen hanya. Za ka ji yaron yana cewa, "Baba, ga rami," ko kuwa, "Kaka, ɗaga ƙafa." Wannan yaro shi ake kira ɗan jagora.

Mai karatu, ka dubi yaron nan da kyau. Aikinsa mai daraja ne, gama ya zama idon kakansa. Amma ran Litinin, sa'ad da tsaransa suke zaune a aji, shi yana kan hanya da sanda. Shekara tana bin shekara, ya girma bai iya rubuta sunansa ba. In kuwa aka ɗauke shi aka sa shi makaranta, tsohon zai zauna a zaure daga safe har dare, ba mai kai shi gaisuwa, ba mai kai shi jana'izar abokinsa. Gida ɗaya ke nan, da mutum biyu, kowanne yana da hakki, ga shi kuwa sanda ɗaya ce.

Wannan hoto ya kai har ƙasashen waje. A gaban ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya a Janiba an kafa mutum-mutumi na yaro yana jan makaho da sanda, domin tunawa da yaƙi da makantar bakin rafi, wadda wani ƙaramin baƙin ƙuda yake kawowa. A watan Janairu na 2025 hukumar ta shaida cewa Nijar, maƙwabciyar Illela, ta kawar da wannan cuta, ita ce kuwa ta fari a Afirka. Duk da haka ɗan jagora bai ajiye sandarsa ba, gama makanta tana da ƙofofi da yawa.

A waɗansu ƙasashe sun ba kare wannan aiki. Abin ya fara sosai a Jamus. A 1916, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani likita mai suna Gerhard Stalling ya buɗe makarantar horar da karnuka a garin Oldenburg saboda sojojin da suka makance a bakin daga. A 1928 wani saurayi makaho daga Amurka, Morris Frank, ya tafi Suwizalan wurin wata mace mai horar da karnuka, Dorothy Eustis, ya komo da karya mai suna Buddy. A 1929 suka kafa makarantar The Seeing Eye, wadda take aiki har yau. A Ingila karnuka 4 na fari sun fara jagora a 1931. A nahiyarmu kuwa, Gladys Evans ta kafa ƙungiyar karnukan jagora ta Afirka ta Kudu a 1953.

Ga abin da ya kamata iyalanmu su ji. Makarantun nan sun gane cewa kwikwiyon da ya girma a keji ba ya zama jagora na kirki. Dole ya tashi a cikin gida, tsakanin mutane. Saboda haka sukan nemi iyalai masu sa kai su karɓi riƙonsa. Kwikwiyo yana da mako 7 ko 8 za a kawo shi, ya zauna a gidan shekara ɗaya ko fiye kaɗan. Ba a biyan iyalin albashi. Makarantar takan ɗauki kuɗin likitan dabbobi, su kuwa su ba da lokacinsu da haƙurinsu.

Aikin ba ƙarami ba ne. Za su koya masa ya zauna, ya kwanta, ya zo in an kira shi. Za su koya masa kada ya taɓa abincin mutane, kada ya bi kyanwa ko wani kare, kada ya yi kashi sai inda aka nuna masa. Za su riƙa shiga da shi kasuwa da mota da jirgin ƙasa, domin ya saba da hayaniya, kada ƙarar inji ta firgita shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Dare nawa za su tashi saboda kukansa, takalmi nawa zai tauna, wannan duka yana cikin riƙo.

Sa'an nan ranar rabuwa ta zo. Karen ya girma, ya san muryar kowa a gidan, yara sun shaƙu da shi, sai motar makaranta ta zo ta ɗauke shi. A can gwanaye za su horar da shi waɗansu watanni. Zai koyi tafiya da kayan fata mai mariƙi mai ƙarfi wanda makaho zai kama. Zai koyi tsayawa a bakin titi da gindin matakala, da kauce wa rami da reshen da zai bugi goshin ubangidansa. Abu mafi ban mamaki, zai koyi ƙin umarni. In ubangidansa ya ce a ƙetare, ga kuwa mota tana zuwa, karen zai tsaya cik. Amma ba shi ne yake zaɓen hanya ba. Makahon ne ya san inda za shi, yana saurara da kunne, yana ba da umarni. Ba dukan karnuka suke cin wannan jarrabawa ba. Wanda ya ci yakan yi aiki wajen shekara 8, sa'an nan ya huta. Sau da yawa iyalin da suka yi riƙonsa sukan sake karɓar wani kwikwiyo, su fara daga fari.

To, ko za a iya kawo wannan Tozai? Gaskiya ita ce da wuya a yanzu. A ƙasar nan kare na gadi ne da farauta, wurinsa tsakar gida ko daji. Yawancin gidaje ba su barinsa ya shiga ɗaki, direba ba zai yarda ya hau mota tare da fasinja ba, mai shago kuma zai kore shi. Karen jagora kuwa dole ya shiga duk inda ubangidansa ya shiga. Ciyar da babban kare kullum nauyi ne ga gidan da yake auna gero da tiya. Ga zafin rairayi da rana tsaka, ga tsoron ciwon haukan kare, wanda saboda shi ya wajaba kowane mai kare ya kai shi a yi masa allura kowace shekara. Horon kansa ma an shirya shi domin birni mai titi da gefen titi.

Amma in kare ba zai ƙetaro ba, riƙon ba baƙo ba ne a wurinmu. Wane gida ne a ƙasar Hausa bai san ɗan riƙo ba? Mace takan yaye ɗan ƙanwarta, ta goya shi, ta yi masa tarbiyya, ta sani kuwa wata rana zai koma. Makiyayan Nijar suna da al'adar da ake kira habbanaye, inda mai shanu yakan ba wanda ya rasa aron karsana, ya yi kiwonta har ta haihu, ya riƙe 'yan maruƙan, ya mai da uwar. Ashe mun daɗe da sanin yin wahala a kan abin da amfaninsa na wani ne. Abin da ya rage shi ne mu juya wannan hali wajen makaho da ɗan jagoransa. Ga hanyoyi huɗu.

Ta fari, a kai shi a duba idon. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa cikin mutanen da suka kai shekara 40, kashi 4.2 cikin 100 makafi ne. Ya kuma nuna cewa kashi 84 cikin 100 na makantar nan ana iya hana ta ko a warkar da ita, yanar ido kaɗai kuwa ita ce sanadin kashi 43. Aikin cire yana ba ya kai awa ɗaya, da yawa sukan gani kashegari. Akwai sashen ido a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, akwai kuma Asibitin Ido na ECWA a Kano wanda aka buɗe tun 1943. A guji masu yawo ƙauye suna tura yana cikin ido da tsinke, gama sau da yawa idon yakan lalace har likita ya kāsa gyarawa. Iyalin da suka biya kuɗin mota suka raka tsoho asibiti, watakila sun 'yantar da mutum biyu a rana ɗaya.

Ta biyu, in idon ba zai warke ba, a raba jagorar. Gidaje 5 ko 6 za su iya yin karɓa-karɓa. Wannan saurayi ya kai shi kasuwa, wancan ya kai shi gaisuwa, mata kuma su ɗauki na tsohuwa makauniya. Yaron ya tafi aji da safe, da yamma ya komo wurin kakansa. Ba a raba su ba, an dai rage masa kaya.

Ta uku, a koyi jagora yadda ya kamata. Ka fara gaishe shi ka faɗi sunanka, ka tambaye shi ko yana bukatar taimako. Kada ka ja shi, kada ka tura shi. Bari shi ya kama hannunka bisa gwiwar hannu, ka yi gaba da rabin taki, jikinka zai gaya masa inda hanya ta karkata. Ka faɗa masa kafin hawa ko gangara. In za ka zaunar da shi, ka ɗora hannunsa a kan kujerar. Kada ka tafi ka bar shi a tsakiyar fili ba ka gaya masa ba. A gida kuma kada a riƙa sauya wa buta da kujera da randa wuri, gama da ƙwaƙwalwa yake ganin ɗakinsa. In kana da tambaya, shi za ka yi wa, ba yaron ba. Ido ya rasa, hankalinsa yana nan.

Ta huɗu, yaro makaho ma ɗan makaranta ne. Tun 1953 aka buɗe makarantar yara makafi a Gindiri, a Jihar Filato ta yau, ita ce ta fari a Nijeriya. A irin waɗannan makarantu yara suna koyon karatu da yatsa, da rubutun ɗigo 6 wanda Louis Braille na Faransa ya ƙago, suna kuma koyon tafiya su kaɗai da farar sanda. Wanda ya iya farar sanda yana taɓa ƙasa dama da hagu a gabansa, ba ya bukatar a ja shi zuwa ko'ina da ya sani. A 2019 gwamnatin tarayya ta sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, amma doka ba ta da ƙafar da za ta kai yaro tasha. Wannan aikin dangi ne da maƙwabta.

Iyalin da suke riƙon kwikwiyo a Ingila ko Afirka ta Kudu sun san tun ranar fari cewa ba nasu ba ne, sau da yawa ma ba su san wanda zai amfana da shi ba tukuna. Mu namu ya fi sauƙi, gama mun san makahon unguwarmu da sunansa, mun san ɗan jagoransa, mun san uwar yaron. Maigida da uwargida, in an gama tuwon dare a wannan wata, ku zauna da 'ya'yanku ku lasafta makafin da kuka sani, ko na danginku ne ko ba naku ba. Ku tambayi kanku wa yake riƙe musu sanda, shekarunsa nawa, ko yana zuwa makaranta. Sa'an nan ku zaɓi rana ɗaya a mako wadda gidanku zai karɓi sandar. Allah ya ba mu zuciyar yin haka.