Ba Zabuwa Ce Ta Ƙone Ƙauyuka Ba

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar nan kafin 1994 ya san abin da ake kira Yaƙin Zabuwa. Har yanzu idan aka ambaci sunan a gaban baƙon da bai san zancen ba, sai ka ga ya yi murmushi, yana mamakin yadda mutane masu hankali za su hallaka juna a kan tsuntsuwar da ba ta wuce miyar kwana ɗaya ba. Ni kuwa sunan nan ya daɗe yana damuna, domin yana ɓoye gaskiya fiye da yadda yake bayyana ta. Yana sa mu ɗauka cewa abin da ya faru hauka ne irin na wasu mutane can, wanda ba zai taɓa shigowa gidanmu ba. Alhali kuwa ruwa ba ya tsami banza.

Ga yadda abin ya faru, saboda yaranmu da aka haifa daga baya. A farkon shekarar 1994, a kasuwar Nakpayili kusa da Bimbilla, gardama ta haɗa wani mutumin Konkomba da wani mutumin Nanumba a kan cinikin zabuwa. Gardama ta zama dambe, dambe ya zama kisa, kafin a ce kwabo wuta ta kama ƙasar Nanumba, ta tsallaka ƙasar Dagomba da ta Gonja, ta taɓa Yendi da Salaga, har ta iso mana nan Tamale. A watan Fabrairu gwamnatin Rawlings ta kafa dokar ta-ɓaci ta turo soja, ba a ɗage dokar ba sai a watan Agusta. Alƙaluman da aka fi ambata su ne an rasa rayuka kimanin 2,000, an ƙone ƙauyuka fiye da 400, mutum fiye da 150,000 kuma sun bar gidajensu. To, mai karatu, wace zabuwa ce za ta iya wannan aiki?

Tambayar da nake so mu duba ita ce: me ke sa mutum, wanda jiya ya ba maƙwabcinsa aron fartanya, yau ya tasar masa da adda? Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna bin diddigin wannan tambaya, kuma abin da suka gano bai yi nisa da abin da idanunmu suka gani ba.

Abu na farko shi ne takaici. A 1939 wasu malamai a Jami'ar Yale ta Amurka, cikinsu har da John Dollard da Neal Miller, sun kawo bayanin cewa idan aka toshe wa mutum hanyar kaiwa ga abin da yake ganin haƙƙinsa ne, zuciyarsa takan cika da neman wanda zai far wa. Sau da yawa kuma ba ya iya kaiwa ga wanda ya toshe masa hanyar, sai ya sauke a kan wanda hannunsa ya kai gare shi. Hausawa sun riga su faɗa: haushin kaza, huce a kan dami. Masanan da suka zo daga baya sun gyara zancen, suka ce takaici ba ya zama ta'adi kai tsaye, shiri kawai yake yi wa zuciya, kamar yadda hunturu kan busar da ciyawa ya bar ta tana jiran ashana.

Ciyawar kuwa ta daɗe da bushewa kafin 1994. Turawan mulkin mallaka sun sanya Konkomba da sauran al'ummomin da ba su da manyan sarakuna a ƙarƙashin sarakunan Dagomba da Nanumba da Gonja. Tsarin mulkin 1979 ya mayar da ikon ƙasa a Arewa hannun sarakunan gargajiya, wanda ke noma ƙasar kuma ba shi da sarki sai ya ga kamar an bar shi a waje. An gwabza a Bimbilla a 1981, an gwabza tsakanin Nawuri da Gonja a yankin Kpandai a 1991 da 1992. A 1993 ƙungiyar matasan Konkomba ta kai kokenta Majalisar Sarakuna ta Ƙasa tana neman a ba su babban sarki nasu a Saboba, sarakuna kuma suka ga wannan hanya ce ta raba su da ƙasar da suka gada. Kowane ɓangare yana da takaicinsa, kowane ɓangare yana da tsoronsa. Zabuwa dai ta zo ne a ranar da ashana ta faɗi.

Abu na biyu shi ne "mu" da "su". A 1954 wani masani haifaffen Turkiyya, Muzafer Sherif, ya kwashi yara maza 22 ya kai su wani sansani a jihar Oklahoma ta Amurka. Yaran nan addininsu ɗaya, launinsu ɗaya, kuma ba mai jin haushin wani. Aka raba su gida biyu, aka sa musu gasa wadda mai nasara kaɗai ke samun kyauta. Cikin 'yan kwanaki sai ga zagi, sai ga ƙona tuta, sai ga kai wa juna samame da dare. Daga bisani wani masanin, Henri Tajfel, wanda ya rasa danginsa a Yaƙin Duniya na Biyu, ya nuna a Bristol ta Ingila cewa ko gasa ba a sa ba, muddin ka ce wa yaro kai ɗan rukuni kaza ne, zai fara fifita 'yan rukuninsa wajen rabo, ko da bai san ko su wane ne a cikin rukunin ba.

Akwai wani abu a labarin Sherif da ba a cika faɗa ba, wanda ni a ganina shi ne ya fi muhimmanci. Shekara ɗaya kafin nan, a 1953, ya gwada irin wannan da wasu yaran, amma abin ya watse, domin yaran sun gane cewa manya ne ke haɗa su faɗa, suka ƙi. Wato gaba ba ta tsirowa da kanta kamar naman kaza. Sai an sami mai zuga, sai kuma an sami wanda ya yarda a zuga shi.

Nan ne harshe ke shigowa. Tun ƙarshen 1993 jita-jita ta cika garin nan. A kasuwar Aboabo, a tashar mota, a wurin mai shayi, kullum da sabon labari: an ga makamai a mota kaza, za a kawo hari ranar kaza. Ba wanda ya gani da idonsa, kowa cewa yake an ce. Mutumin da ka saba sayen doya a hannunsa shekara da shekaru, wanda ka san sunansa da na 'ya'yansa, sai aka wayi gari ba a kiransa da sunansa, sai da sunan ƙabilarsa. Idan mutum ya tashi daga "wane" ya koma "irinsu", to an gama rabin aikin kashe shi. Watanni biyu bayan tashin namu rikicin, a Afrilun 1994, duniya ta ga ƙarshen wannan hanya a Ruwanda, inda wani gidan rediyo ya yi ta kiran 'yan Tutsi kyankyasai, har aka kashe mutum wajen 800,000 cikin kwana 100. Baki shi ke yanka wuya.

Abu na uku shi ne taro. Na san wani saurayi a unguwarmu a wancan lokaci, yaro mai ladabi, wanda ko kaza aka ba shi ya yanka sai ya nemi wani. Ranar da gari ya rikice, na gan shi da idona cikin ayari, da gora a hannu, yana ihu da muryar da ban san yana da ita ba. Bayan ƙura ta lafa, wani dattijon unguwa ya kira shi a gabanmu, ya ce, "Ɗana, me mutanen nan suka yi maka?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Baba, ba su yi mini komai ba. Na ga kowa na gudu ne, na bi." Masana sun ce a cikin taro mutum yakan ji nauyin laifi ya rarrabu a kan jama'a har kasonsa ya zama ba komai, yakan kuma ji ba wanda ya san fuskarsa. Abin da ba zai iya yi shi kaɗai da rana ba, sai ya yi shi cikin mutum ɗari.

Na huɗu, koyi. A 1961 Albert Bandura na Jami'ar Stanford ya sa ƙananan yara suka kalli babba yana dukan wata 'yartsana, da aka bar su da ita sai suka dake ta kamar yadda suka gani, har da irin kalmomin da suka ji. Yaron da ya tashi yana jin yadda ubansa ke ambaton wata ƙabila da raini, ko yana ganin mari ne ke raba gardama a gidansu, ya riga ya sauke karatun tun kafin ya shiga makaranta.

To, ina ruwan Bahaushen zango da wannan? Wani zai ce ai faɗan ba namu ba ne, mu ba mu da ƙasa, ba mu neman sarautar kowa. Gaskiya ne, amma tarihi ya nuna cewa idan gari ya kama wuta ba ta tambayar ƙabilar mai rumfa. Yaƙin basasar Salaga na 1892 faɗan sarauta ne tsakanin Gonjawa, amma kasuwar da kakanninmu suka raya da fataucin goro ce ta watse, suka bazu zuwa Kete Krachi da Yeji da sauran wurare, kamar yadda Alhaji Umaru na Krachi, wanda ya ga abin, ya bar mana a rubuce. A ƙarshen 1969 kuma gwamnatin Busia ta kafa dokar korar baƙi, aka ba marasa takarda mako biyu su fice, zanguna suka girgiza, har da waɗanda a nan aka binne cibiyarsu. A 1983 Nijeriya ta kori 'yan Ghana wajen miliyan ɗaya. Duka biyun sun zo ne a lokacin da tattalin arziki ya matse, aka nemi damin da za a huce a kansa. Saboda haka duk lokacin da na ji ana cewa wasu mutane baƙi ne, daga Togo suka zo, kamar yadda aka yi ta faɗa a kan Konkomba, sai jikina ya yi sanyi, domin na san wannan kalma, an taɓa jifan iyayenmu da ita. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Kada kuma mu ɗauka mu tsarkaka ne. A shekarun 1990 an yi ta samun rikici tsakanin 'yan Tijjaniyya da Ahlus Sunna a garuruwa da dama na ƙasar nan, har da Tamale, mutane masu alƙibla ɗaya. A Maris 2002 aka kashe Ya Na Yakubu Andani na Biyu da mutane da dama a Yendi, tsakanin gidan Abudu da gidan Andani, 'ya'yan kaka ɗaya. Zuciya ba ta rasa inda za ta ja layin "mu" da "su", ko da a cikin ɗaki ɗaya ne.

Sai dai abin da aka koya ana iya sauke shi. Sherif bai shirya yaransa da wa'azi ko da cin abinci tare ba, domin a wurin cin abincin ma jifan juna suka yi. Sun shiryu ne da ruwan sansanin ya yanke, da motar abinci kuma ta ƙi tashi, ya zama dole su kama igiya ɗaya su ja. Haka nan yarjejeniyar Kumasi ta Maris 1996 ba ta samu ba sai da ƙungiyoyin agaji, tare da Hizkias Assefa na ƙungiyar sulhu ta Nairobi, suka yi ta zaunar da mutanen ɓangarorin nan zama bayan zama, kowa ya faɗi abin da aka yi masa, ya kuma ji abin da nasa suka yi. Rikicin Yendi ma ya ci shekara 17 kafin kwamitin manyan sarakuna ƙarƙashin Asantehene Otumfuo Osei Tutu na Biyu ya kai ga naɗin sabon Ya Na a Janairun 2019. Kunna wuta daƙiƙa ɗaya ne, kashe ta aikin shekaru.

'Yan'uwa, mu mutanen kasuwa ne. Mu ne mahauta, mu ne direbobi, mu ne dillalan shanu da masu shago, harshenmu kuma shi ne wanda ƙabilu da yawa ke ciniki da shi. Labari yakan bi ta bakinmu daga Bawku zuwa Kumasi kafin ya shiga rediyo, yanzu kuma ga WhatsApp a aljihun kowa. Wannan matsayi amana ne. Addininmu ya hore mu da mu binciki labari kafin mu yi aiki da shi, ya hana mu kiran juna da sunayen banza, ya kuma koya wa mai fushi ya zauna, ya yi alwala. Idan labari ya zo maka, tambayi mai kawo shi: kai ka gani? Idan ɗanka ya kira wani da sunan raini, tsawata masa nan take. Idan ka ga ayari ya taso, riƙe hannun yaron da ke kusa da kai, ko ba naka ba ne. Sarakunan zango da limamai kuma su riƙa zuwa gaisuwar mutuwa da ta suna a gidajen da ba na Hausawa ba tun ana zaune lafiya, domin ba ranar gobara ake haƙa rijiya ba.

Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kiyaye harsunanmu da hannayenmu, Ya zaunar da ƙasarmu Ghana lafiya. Amin.