Kafin Ka Yarda A Yi Wa Had-dis Ɗinka Fomat, Karanta Wannan

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu da ke karatu a nan Kudu, lokacin haɗa furojek ya kama, kuma akwai matsala guda da nake ta ganin tana maimaituwa a tsakaninmu. Mutum zai jona had-dis ɗinsa a kwamfuta, ga fayilolinsa nan yana buɗewa lafiya lau, amma ko hoto ɗaya ta ƙi bari ya ajiye a ciki. Gogewa ta ƙi, canja suna ya ƙi. Sai hankali ya tashi a garzaya wajen mai gyara, shi kuma kalmarsa ta farko ita ce sai an yi fomat. To fomat fa shafe komai ne. Kuma sau da yawa had-dis ɗin lafiyarsa ƙalau, kwamfutar ce kawai ba ta iya rubutu a tsarin da aka shirya shi ba.

Ni ma abin ya same ni. Mastas nake yi a fannin aikin jarida, kuma aikina ɗan gajeren fim ne a kan Hausawan Sabo ta Ibadan, unguwar da aka kafa tun 1916, ta tsaya a kan fataucin shanu da goro. Na yi watanni ina naɗar hira da dattawa. Akwai wanda ya haura tamanin, ba kullum yake da lafiyar zama gaban kyamara ba, don haka hirarsa ba abin da za a ce a sake ba ne. Laftof ɗina Windows ce, kwamfutar da muke editin da ita a situdiyo kuma Mac ce. Da na jona faifan, bidiyo ya buɗe, amma manhajar editin ta ƙi ajiye komai a kai.

Dalilin shi ne yawancin had-dis da muke saya a kasuwa da tsarin NTFS suke zuwa, wanda na Windows ne. Mac tana karanta NTFS, amma ba ta rubutu a kai sai an sa mata wata manhaja ta daban irin Paragon ko Tuxera, waɗanda saye ake yi, kuma kwamfutar sashe ba kowa ke da izinin sa mata manhaja ba. In kana son tabbatarwa, danna kan faifan ka latsa Command da I. Za ka ga sunan tsarin a rubuce, a ƙasa kuma ta gaya maka karatu kawai za ka iya.

Abin da na yi shi ne na aro faifan wata 'yar ajinmu, na kwafe komai a kai ta laftof ɗina, na bubbuɗe bidiyon ɗaya bayan ɗaya na ga sun tafi daidai. Bayan nan ne na yi wa nawa fomat zuwa exFAT, wanda Windows da Mac duk suna rubutu a kai, sannan na mayar da kayana. Kada wani ya ce maka ka zaɓi FAT32 in bidiyo kake ajiyewa, domin ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce 4GB. Shi ma exFAT yana da rauninsa: ba ya riƙe rajistar abin da yake cikin rubutawa kamar NTFS, don haka in aka ɗauke wuta ko ka fizge waya ana tsakiyar kwafi, fayil zai iya lalacewa. Ka riƙa yin ijet kafin ka cire.

Amma ba kullum Mac ce dalili ba. In Windows ce ta ce maka faifan "write protected" ne, fara gwada shi a wata kwamfutar. In ya yi a can, to kwamfutar farko ce aka kulle, domin wasu ɗakunan kwamfuta da gangan suke hana rubutu a filash saboda bairos. Wannan sai mai kula da wurin. In ko'ina ya ƙi, buɗe Command Prompt a matsayin admin, ka rubuta diskpart, sai list disk, sai select disk da lambar faifanka, sannan attributes disk clear readonly. Ka duba girman faifan da kyau kafin ka zaɓi lamba. Kuma don Allah kada ka rubuta clean, ko da ka gan shi a wani bidiyon YouTube, shi ne ke share tsarin faifan gaba ɗaya.

Faifan da aka taɓa cirewa ba tare da ijet ba ma yakan koma karatu kawai, musamman a Linux. Maganinsa chkdsk ne a Windows, da harafin faifan da /f, amma ka kwafe abin da za ka iya tukuna. In memorin kyamara ne, duba ɗan makunnin da ke gefensa, wani lokaci a cikin jaka yake zamewa ya kulle. Filash kuwa in ta kusa mutuwa takan kulle kanta ta hana rubutu. Wannan ba ta gyaruwa, kwashe kayanka ka sayi wata. Had-dis mai ƙara kas-kas shi ma gargaɗi yake maka.

Na san kuɗi na wuya, faifai biyu ba kowa zai iya ba. Amma akawun ɗin Google yana ba ka 15GB kyauta, ya ishi rubutunka da sautin hirarrakinka. Manyan bidiyo kuma ku haɗa kai ku biyu, ka ajiye nasa, ya ajiye naka. Sufabaiza zai iya ƙara maka mako guda, amma ba zai dawo maka da bayanan shekara guda ba. Duk wanda faifansa ya ƙi rubutu, ya faɗa min irin kwamfutar da saƙon da ta nuna masa kafin ya miƙa wa mai gyara. Allah ya ba mu sa'ar difens.