Tururi ya fi tafasasshen ruwa ƙuna

Kwaltar da ta taso daga Yamai, ta bi Doso da Dogon Dutsi za ta Birnin Ƙonni, ta ratsa Ɗan Kassari. A watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40 ko a inuwa, ba wuya a ga mota tsaye gefen hanya, inji ya ɗau zafi. Mai kaya na ƙorafi don kasuwa ba ta jiran kowa, ma'aikaci na duban agogo, direba kuwa sai ya umurci yaron mota ya buɗe lagireto ya zuba ruwa. Yaron nan, wanda ya fi kowa ƙarancin samu a tafiyar, shi ke miƙa hannunsa da fuskarsa.

Jama'a na tsoron wuta, suna tsoron ruwan zafi, amma sun raina tururi, wai iska ce kawai. Alhali lissafinsa abin tsoro ne. Kafin giram 1 na ruwa ya tashi daga digiri 0 zuwa 100, kalori 100 yake bukata. Kafin wannan giram ɗin ya zama tururi kuwa, sai ya sha ƙarin kalori wajen 540, ba tare da ma'aunin zafi ya motsa ba. Wannan zafi da ya ɓoye shi yake juyewa a fata da zarar ya taɓa ta ya koma ruwa, sa'an nan ruwan ya ci gaba da nasa aikin. Wani abin kuma, tururi na ainihi ba a ganinsa. Farin hayaƙin da ido ke gani ya riga ya soma hucewa. Mugun yana dab da bakin tukunya, inda ake zaton babu kome.

Lagireto ya fi tukunya haɗari domin a toshe yake. Matsin da ke ciki kan sa ruwa ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Ana murɗe murfi, matsin ya sauka, ruwan ya tafasa gaba ɗaya ya yi tsartuwa sama. Tsumma a hannu ba ya tsare fuska. Sai dai a kashe inji a jira aƙalla rabin awa, a murɗa kaɗan iska ta fita, fuska na gefe. Fasinjan da ya matsa a yi sauri yana da rabonsa cikin alhakin yaron, ko da ba shi ya ba da umurni ba. Haka take ga tukunyar nan mai fito da ke gidajen wasu ma'aikata: ba a buɗe ta sai ta gama fitar da numfashinta.

A madafa, mai dambu ta san madambaci, amma gaggawa kan sa ta leƙa kai tsaye. Ana ɗaga murfi ne daga ɓangaren da ke nesa da jiki, murfin ya zama garkuwa. A kama shi da busasshen tsumma, domin jiƙaƙƙe yana kai zafi ga hannu nan take. Goyo kuma a sauke shi tukuna, fatar jariri ba ta da kauri.

Sirace ya fi wuyar magana, saboda tsohuwar al'ada ce. A dafa ganyen dogon yaro, a lulluɓe majinyaci da bargo bisa tukunya. Mai masassara ga jiri ga duhu, ƙafa ɗaya ta kuskure, tukunya ta kife masa a cinya. A shekarar 2020, lokacin korona, likitocin asibitin yara na Bamingam a Ingila sun ba da rahoton ƙaruwar yaran da suka ƙone ta wannan hanya. Sirace ba ya kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, yaro kuwa bai kamata a yi masa shi ba sam.

In ƙunar ta auku, maganin farko ruwa ne mai sanyi, na rijiya ko na famfo, a yi ta kwarara shi minti 20. A cire zobe da agogo kafin wuri ya kumbura. Tufar da ta manne a bar ta. Ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai, man shanu ko baƙin man inji da wasu ke shafawa a tasha: suna kawo ruɓa, suna kuma wahalar da mai wanke ciwon. Bororo ba a fasa shi. A rufe da tsumma mai tsabta.

Tafin hannun wanda ya ƙone, har da yatsu, kusan kashi 1 ne cikin 100 na fatar jikinsa. Ƙunar da ta kai girmansa, ko ta shafi fuska, hannu, gaba ko mahaɗar gaɓoɓi, ko ta sami yaro, a kai ta gidan likita a ranar. Wurin da ya yi fari kuma ba ya zafi, shi ne ya fi zurfi. In murya ta dushe bayan tururi ya bugi fuska, maƙogwaro na iya kumbura cikin ƴan awoyi. Wannan a nemi mota zuwa asibitin Dogon Dutsi, kada a jira gari ya waye.