Hasken da Ake Sayarwa a Titin Ibrahim Taiwo

A wani shagon kayan sola da ke Titin Ibrahim Taiwo akwai matashin da ya karanta Fiziks a jami'a, yanzu yana tsare wa kawunsa shago. Kawun kan ce masa, "Ɗana, da kasuwa ka koya tun farko, da yanzu kana da naka."

Ba ya musu, amma ya san asalin abin da yake sayarwa. A 1905 Einstein ya bayyana cewa haske ƙwaya-ƙwaya yake zuwa, kowace da gwargwadon ƙarfinta. Idan ƙwayar ta sauka a kan silikon ɗin farantin sola, sai ta zaburar da elektron, wutar lantarki ta samu. Bayanin nan na cikin ginshiƙan ilimin kwantum, wanda Google da IBM ke ƙoƙarin gina sabuwar kwamfuta a kansa.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2025 ga wannan ilimi, bayan Ghana ta gabatar da ƙudurin. A shekarar ne matashin ya cike takardar neman digiri na biyu. Har yau tana ƙarƙashin littafin rasit, domin kawun ne ya biya kuɗin digirin farko, kuma ba shi da wani amintaccen da zai bar wa shagon.