Zaurukan Manyan Gidajen Zamfara

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili a jaridar nan tamu in faɗi abin da idona ya gani a ƙasar Kaura Namoda da Zurmi da Shinkafi, ko Allah ya sa maganar ta kai kunnen manya.

Da kakar bara na tafi ganin gida, bayan na daɗe ina zaune a Kano. Na sauka Kaura, garin Namoda, jarumin nan na Alibawa da aka ci Alkalawa da shi a 1808, garin da hanyar jirgin ƙasa ta tuƙe a 1929. Tun daga nan na lura tsofaffin zauruka sun yi ƙaranci.

Jama'a, a da baƙo ba ya tambayar gidan hakimi ko na attajiri, zaure ke nuna masa. Ga zankwaye a bisa, ga bango na tubali mai kauri an shafe shi da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, don kada ruwan sama ya ci shi. In ka shiga ka ɗaga kai sai ka ga ɗaurin guga, an tanƙwaro shi da azarar giginya wadda gara ba ta so. Ƙofar ciki kuwa ba ta kallon ta waje, saboda kada mai wucewa ya hango iyali. Nan ake sauke baƙo, nan ake ɗaurin aure da raɗin suna, nan ake sasanta masu husuma kafin magana ta kai gaban alƙali.

Daga Kaura na nufi Zurmi, garin da Bature Clapperton ya ratsa a 1824, na kuma ƙarasa ƙauyen kakana. Wallahi sai da na yi hawaye. Mutane sun watse saboda 'yan bindiga, damina uku ba a yi wa zaurenmu yaɓe ba. Indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a kan soro har ɗaurin gugan ya rufta. Ƙyauren da mutum biyu ke turawa na same shi yashe cikin ciyawa.

A Shinkafi, inda na ci kasuwar Alhamis, ƙofofin ƙarfe da bulo na fi gani. Ban ga laifin masu gida ba, gama wanda ke kwana da tsoro ba zanko ne a ransa ba. Amma da na nemi magini mai iya ɗaurin guga, wani tsoho aka nuna mini, idonsa ya soma rauni, 'ya'yansa duk sun koma haya da babur.

Tun da Kano ta iya riƙe Gidan Makama har baƙi na zuwa kallo, ina roƙon sarakunanmu da gwamnatin Zamfara su sa a ƙidaya zaurukan da suka rage, a ɗauki hotonsu, a rubuta wanda ya gina kowane, a kuma haɗa samari da tsofaffin maginan nan su koyi aikin, kafin ruwan bana ya sauka.

Haza wasalam.

Naku,
Bazamfare mazaunin Kano.